Mu Tara Ne

Addu'ar da ɗa yake yi wa mahaifinsa da ya rasu, mu Yahudawa ba ma yin ta sai maza goma sun hallara. Ranar da Baba ya cika shekara da rasuwa, goman nan kawai nake nema kafin faɗuwar rana, don da ta faɗi, ranar ta wuce ke nan.

Da can ko gayya ba a yi. Ɗakin ibadarmu da ke bayan laburaren jami'a cika yake yi maƙil, balle in an ji ƙamshin miyar kaza. Amma tun da aka watsa wa ƙofar jan fenti, wasu suka riƙa tsayuwa a bakinta suna ɗaukar hoton duk mai shiga, suna bazawa har da sunansa, kowa ya shiga taitayinsa. Ɗalibai 'yan'uwanmu fa, waɗanda muke aron biro a hannunsu.

Na bi mutane ɗaki-ɗaki kamar mai talla. Wannan ya ce jarrabawa, wancan ya ce mura. Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai tara. Saura abokina Gershon, wanda kwanan baya aka kaɓe wa 'yar hular nan tamu ta Yahudawa aka tofa masa yawu a layin abinci. Ya rantse mini zai zo.

Ya kuwa zo. Ta taga na hango shi a tsallaken titi, ya kifa hana-sallah a kan 'yar hularsa. Masu ɗaukar hoton suka juya, ɗaya ya ƙwala masa kira da cikakken sunansa. Gershon ya daɗe a tsaye, sannan ya koma. Na so in ji haushinsa, Allah ya sani, tausayi ya hana ni.

Malam Zalman, dattijon da ke ja mana addu'a, ya yi ta duban sama har ta yi ja, sannan ya rufe littafin addu'ar a hankali. Babu wanda ya iya kallona.

Ina nan zaune Mama ta bugo daga Baltimore.

"Tuvia, an yi wa babanka?"

"Mama, mu tara ne."

Matar nan ta sha murɗe mini kunne in na leƙa ko ƙofar gida kai ba hula.

"To," ta ce. "In za ka fito, ka cire hular ka sa a aljihu. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Hular Baba ce.