Shiru a Tsakiyar Fatiha

Shekara goma sha ɗaya Saratu tana jin muryar mijinta, Malam Sulaiman, ta lasifikar masallacin layinsu a Gyadi-Gyadi. Ba wani shahararren malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne a Tarauni, amma Allah ya ba shi murya da hadda, shi ya sa jama'a suka sa shi gaba. Duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar limancin nan.

Sai dai mutumin akwai taurin kai. Tun yana ɗan arba'in aka ce yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya watsar. In Saratu ta rage gishiri a miya, sai ya ture kwanon ya ce shi ba majinyaci ba ne.

Yana da hamsin da biyu abin ya fara. Yau ya manta mukulli, gobe ya bar babur a ofis ya hawo adaidaita. Da ƙyar ta kai shi asibiti. Likita ta ce hawan jinin ne ya daɗe yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

"A riƙe magani, a rage gishiri, ya riƙa tattaki, ko abin ya lafa," in ji likitar. "Amma wanda ya tafi, da wuya ya dawo."

Saratu ta ɓoye maganar, don kada a karɓe masa limanci.

Ran wata Laraba da magariba, tana kwashe tuwo, ta ji ya yi shiru a tsakiyar Fatiha. Fatiha fa, wadda shi ya koya wa 'ya'yansu. Ta tsaya da mara a hannu tana karanto masa ayar gaba da ƙarfi, a madafi, inda ba zai ji ba. Can wani ya ɗora masa daga sahu. Ta yi kuka har tuwon ya huce.

Washegari dattawan layi suka ce ya ɗan huta, Lawan mai kanti zai riƙe. Kunya ta hana shi komawa masallaci, ya koma sallah a gida.

Da damina ta zagayo, wata magariba yana zaune a tabarma, muryar Lawan ta tashi. Ya kasa kunne.

"Saratu, wannan ba limaminmu ba ne. Ina mai daɗin karatun nan ya shiga?"

"Ba shi da lafiya, Malam."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya."

Ta ce amin.