Garwashin Gidan Zubaida

Shekara arba'in da uku Dakta Kalilu ya yi a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Inna Maijidda irin matan Baure ce na da, masu riƙe kunyar ɗan fari tamkar farilla. Idan ya zo gaishe ta, kawar da kai take yi ta amsa wa bango. Idan tana son ya ci abinci, sai ta ce wa duk wanda ke kusa, "A ce wa mutumin nan ga tuwo." Abin bai taɓa damunsa ba. Ya san wannan kawar da kai ita ce ƙaunar tata.

Shi malamin lissafi ne a jami'a, amma ba irin lissafin da aka sani ba. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai da ake kira furotin, su ke miƙa wa juna saƙo, wannan ya kunna wancan, wancan ya kunna na gaba. Aikin Kalilu shi ne ya zauna da biro da kwamfuta ya mayar da wannan miƙe-miƙen lambobi. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat shekara huɗu. Furotin ɗin nan ba ya daɗewa, yakan lalace a maye gurbinsa da sabo. To ta yaya mutum ke tuna abin da ya faru shekara hamsin baya? Wa ke gaya wa sabon abin da tsohon ya sani?

Ya je ƙasar waje ya dawo bai samo amsa ba. A tsakar gidansu na Baure ya tsince ta, wata safiya da ya ga Inna ta ɗauki kasko za ta shiga gidan maƙwabciyarta Zubaida ɗebo wuta, alhali ga ashanar da ya kawo mata har ƙunshi guda a kan taga. Ya yi ƙorafi. Ta tsaya a bakin zaure, ta juya masa baya, ta yi wa ƙyaure bayani.

"Tun da aka kawo ni unguwar nan ban ƙyasta ashana ba. In tawa ta mutu ta Zubaida na nan, in tata ta mutu tawa na nan. Icce ne ke ƙarewa, wutar kuwa ita ce dai ta jiya."

A kan buhun gero ya rubuta layin farko na lissafinsa. Sabon furotin ba ya buƙatar sanin komai, a wurin maƙwabcinsa da ke kunne zai ɗebo. Da ya ɗora lissafin a kwamfuta, sai ta zana masa wani layi mai ban tsoro. Muddin maƙwabtan da ke kunne suna da yawa, saƙo na nan daram, ko an rage ɗaya ko biyu. Amma akwai wata iyaka. Da zarar an gangara ƙasa da ita, gaba ɗaya suke mutuwa lokaci guda, kuma ko an dawo da adadin da aka rage ba sa sake kamawa. Wannan layin ne ya yi masa suna, har ana gayyatarsa taro yana nuna shi da majigi.

Ana nan sai Inna ta fara mantuwa. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta nemi carbin da ke wuyanta. Lokacin Kalilu ya gama ginin gidansa a Daura, mai doguwar katanga da tayil har banɗaki. Ya ce lokaci ya yi da za ta koma wurinsa ta huta. Mai ilimi kuwa in ya tashi tafka kuskure, da hujjoji yake zuwa, kuma nasa sun kai bakwai, ciki har da asibiti kusa, ruwan famfo, ba hayaƙi, ba tsallaka kwata.

Zubaida ce kaɗai ta yi magana, ranar da ake loda kaya a mota.

"Kalilu, ka bar mana ita mana. Nan ko ta manta hanya, hanya ba ta manta da ita ba. Kowa ya gan ta ya san inda zai kai ta."

"Goggo, ai ba nisa. Za mu riƙa zuwa."

"Uhm. Allah ya sa haka ne ya fi alheri."

Kowa ya yaba masa. Har limamin unguwarsu ya ba da misali da shi wajen haƙƙin iyaye, shi kuma ya sunkuyar da kai yana jin daɗi a ransa. Matarsa Siddiƙa ba ta rage komai ba, ita ke yi wa Inna wanka, ita ke dama mata fura. Sai dai kullum da sassafe Inna kan ɗauki murfin kwano ta je bakin get ta tsaya. Murhun gas ne a gidan, ba ya buƙatar garwashi. Maƙwabcin dama ma'aikacin kwastan ne da ke can Mai'adua, gidansa a kulle. Na hagu ba su ma san sunansa ba. Ranar da ta fice aka same ta wajen tasha, Kalilu ya sayo kwaɗo ya sa wa get ɗin. Daga nan ta daina ɗaukar murfin kwanon, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Wata tara ana haka. Wata Talata yana gaban allo yana zana wa ɗalibansa layin nan, ya ji bakinsa yana cewa, "Abin lura shi ne, ba sai kun taɓa furotin ɗin kansa ba. Ku raba shi da maƙwabtansa kawai." Ya tsaya da alli a hannu. Ya faɗi wannan jimlar ta fi sau ɗari, amma ranar ce ya fara jin ta. Bai ƙarasa darasin ba.

Ya biya wurin wani abokinsa likita, ya zayyana masa komai. Likitan ya ce ciwo ne mai tafiya, ko a Baure take zai ci gaba, kuma lissafin furotin daban, tsohuwa daban. Gaskiya ce, Kalilu ya fi kowa sanin hakan. Amma bai ji sanyi ba, domin likitan bai iya ce masa wata taran nan ba su ƙara komai ba.

Washegari ya ɗauki Inna a mota, da hantsi suka isa Baure. Zubaida ta fito da gudu-gudunta na tsufa, ta rungume ƙawarta tana kuka. Inna ta bar ta ta rungume ta, irin yadda ake haƙuri da baƙo. Aka share ɗaki, aka shimfiɗa tabarma, aka jera icce a murhu. Zubaida ta koma gida ta ɗebo garwashi jajir a kaskon nan na da, ta ajiye a gabanta.

"Maijidda, ga wuta. Hura mana, in ɗora ruwa."

Inna ta daɗe tana kallon kaskon. Sannan ta janye ƙafarta, ta ce a ɗauke kada wani ya taka.

Kalilu yana tsugune a gefe. Ya matso ya ce, "Inna, sannu da hanya."

Ta juyo. Ba ta nemi bango ba, ba ta nemi ƙyaure ba. Ta dube shi tsakiyar ido, fuska a sake, abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo. Ashe idanunta irin nasa ne.

"Sannu, bawan Allah. Kai ka kawo ni, ko? Allah ya yi maka albarka. Ya sunanka?"

Zubaida ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya amsa mata.

"Kalilu."

"Kalilu," in ji Inna, ta faɗe shi ɓaro-ɓaro ba ko gargada. "Kalilu. Suna mai daɗi. Ɗan wane gida ne kai?"