Babur a Kan Ragar Banda

Haladu ya ɗan matsar da tarwaɗa biyu gefe, ya ajiye ƙarfen a tsakiyar ragar banda, inda hayaƙi ya fi kauri.

"Kai, Haladu! Me ka sa mini cikin kifi?" Inna Gumsu ta taso da muciya a hannu.

"Tukunyar wutar babur ce, Inna. Ruwa ta sha."

"To ni na shayar da ita?"

Babur ɗin na wani akawun kamfanin gyaɗa ne. Ya faɗa da shi cikin fadama da damina, tun daga ranar bai sake ko tari ba. Haladu, wanda ya gudo daga elemantare ya kama facin kekuna a kasuwar Haɗeja, sai da ya bayar da kwale-kwalen da ya gada wurin mahaifinsa kafin a bar masa shi. Da kawunsa Inuwa ya ji, ya rantse in abin bai tashi ba kafin ranar kasuwa, maƙera zai kai wa su sassare shi su yi fartanya, Haladu kuma ya koma jan taru a jirginsa.

Haladu ya kwance babur ɗin kaf a zaure, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, yana juya shi yana mamakin wanda ya zauna ya ƙera. Ya mayar, ya yi ta taka masa ƙafa, shiru. Sai wani direban motar gyaɗa, Fannami, ya ce masa laima ce a cikin tukunyar, kuma rana ba ta isa can ciki. Haladu ya yi tunani, a duk garin nan ba abin da ya san yana zuƙe ruwa a hankali ba tare da ya ƙona abu ba kamar bandar Inna.

Ya wuni a gindin murhu yana juya ƙarfen duk lokacin da ta juya kifi. Har ita ma ta fara leƙowa.

"Ka cika masa wuta. Ja shi gefe, kada bayansa ya gasu cikinsa ɗanye."

Da hantsin ranar kasuwa Kawu Inuwa ya iso da igiya da jaki. Ya tarar da Haladu a ƙofar gida yana ɗaure tukunyar, maƙwabta sun kewaye shi.

"Wannan ƙamshin fa?" in ji Kawu. "Miya za a yi da shi ko hawa?"

Haladu ya gama ɗaure tukunyar. Ya taka sau ɗaya, babur ya yi atishawa. Ya sake takawa da duk nauyinsa. Sai ƙara ta tashi, jaki ya fizge igiya, kaji suka watse, Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin zaure.

Ya haye, ya tura giya yadda Fannami ya kwatanta masa, babur ya zabura. Ya zagaye filin unguwa, iska na cika masa riga. Da ya zo tsayawa sai ya damƙe ƙarfen hannun hagu, kamar birkin keke. Injin ya yi kururuwa, tayoyi ba su tsaya ba. Ya saki, abin ya sake yin tsalle. Ya san kowace ƙusa da ke cikin cikinsa, amma bai taɓa tambayar kowa yadda ake tsayar da shi ba.

"Tsaya mana, ja'iri!" Kawu ya ɗaga murya. "Na yafe, ba zan kai shi maƙera ba!"

"Ban san yadda ake yi ba, Kawu!"

"To yi ta zagayawa har mai ya ƙare!"

Haladu ya zagayo sau ɗaya, ya zagayo na biyu. Daga bakin filin ya hango hanyar Kafin Hausa ta miƙe tsakanin gonakin shinkafa. In dai sai mai ya ƙare, yana son ya ga inda zai ƙare. Ya karkata kan babur ɗin, ya hau hanya.