Ƙullin Laraba

Deborah ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado da hannu biyu, yana ƙara a kan siminti, har ta kai shi tsakar ɗaki. Mahaifinta, Malam Jacob, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga da littafi a cinya. Ya dube ta ta saman tabarau.

"A hankali. Akwatin nan ya girme ki."

"Shi ya sa ma, Baba. Duk wani abin da ya girme ni a gidan nan, yau sai ya fito ya sha iska."

"To, fara da ni."

Ba ta yi dariya ba. Tun da mai mashin ya sauke ta a ƙofar gida da safen nan take da fuskar wadda aka aiko. Ta zo da jaka cike da fayil-fayil na roba, ja da kore da ɗorawa da shuɗi, kowanne ta manna masa suna da hannunta: banki, wuta, asibiti, makaranta, fili. Ta jera su a kan tabarma kamar kayan lefe.

Malam Jacob ya riga ya ji bayanin a waya, amma ta sake yi masa. Akwai wata mata da take sauraro a wayarta, mai koya wa mutane yadda ake jawo arziki. Matar ta ce arziki baƙo ne mai tsabta, ba ya shiga gidan da takardun kuɗi suke a watse. Sai an ware su, an sa kowacce a mazauninta, tsofaffin da ba su da amfani kuma a ƙone su, don su ne suke tare ƙofa. Deborah ta gyara nata tsaf, na gida da na kantinta na kayan shayi da ke bakin tasha. Ciniki bai motsa ba. Motar mijinta Andrew kuma tana nan a wurin makanike kan duwatsu. Da ta rubuta wa matar, sai aka ce ta duba gidan da aka haife ta, can ne tushen.

"Na yi shekaru ina koyar da tarihi a Kontagora da Bangi," in ji Malam Jacob. "Na karanta yadda dauloli suka yi arziki, na karanta yadda suka tsiyace. Ban taɓa cin karo da wurin da aka ce arziki yana leƙa ƙarƙashin gado ba."

"Littattafanka ai na da ne."

"Haka ne. Fayil ɗin nan fa, a ina kika saya?"

Ta ci gaba da kici-kicin buɗe marfin akwatin.

"Wurinta ke nan," ya ce. "To, ita kam baƙon ya same ta a gida."

Marfin ya buɗe. Warin kafur ya taso, tare da wani ƙamshi na tsohon yadi da Malam Jacob bai shirya masa ba. Ya rufe littafinsa bai ma sa alama ba.

Takardun suna nan yadda Laraba ta bar su, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri an zagaye shi da tsinken zani an ƙulle. Laraba, matarsa, 'yar Tungan Magajiya ce, ta tashi a gona, karatunta bai wuce na littafin waƙoƙin coci ba. Amma tun shekarar da aka ɗaura masu aure ta ƙwace ajiyar takardu daga hannunsa, don ta ce shi mutum ne da zai iya sa takardar albashinsa a cikin littafi ya ba da aron littafin. Duk takardar da ta shigo gidan, ta banki ce ko ta kantin magani, sai ta jefa ta a kwando. Idan sabuwar shekara ta kama, bayan an dawo daga sujada, sai ta zauna a ƙasa ta tattara su, ta yage bakin zanen da ta fi ɗaurawa a shekarar da ta wuce, ta ɗaure su da shi irin ɗaurin da ake yi wa damin dawa a garinsu.

Babu abin da suka yi rigima a kansa kamar wannan. A shekarar da aka kira 'yan fansho tantancewa a Minna, ya nemi takardar ƙarin girmansa. Ta tambaye shi, "Wane zani nake ɗaurawa lokacin?" Ya gaya mata shekarar. Ta ce ita ba lamba ta tambaye shi ba. Ya tsaya yana kallonta, ya kasa tuna ko launi ɗaya. Sai da suka kwance rabin akwatin, motar safe ta wuce, ya isa Minna an tashi, fanshonsa ya yi watanni a rataye. Ya kira tsarin nata jahilci mai ado. Ita kuma ta ce da yana ɗaga kai daga littafi ya dubi matarsa, da bai rasa mota ba. Daga nan ta zauna ta mayar da kowane ƙulli yadda yake.

Deborah ta ɗauki ɗauri na farko ta sa farce. Ƙullin bai san da ita ba. Ta sa haƙori, ta tofar da zare. Sai ta buɗe jakarta ta zaro reza.

"Ajiye wannan," in ji Malam Jacob.

"Baba, ba ya kwantuwa."

"Na gani. Ajiye."

"Tsumma ne fa. Kai da bakinka ka sha cewa..."

"Na sha faɗin abubuwa da yawa. An biya ni albashi don in yi ta magana. Ba za ki yanka ba."

Ta zauna a kan dugaduganta, rezar na hannunta. Daga titi ana jin wata babbar mota tana nishi da kayan hatsi.

"To yaya kake so in yi? In mayar da akwatin in koma gida?" Muryarta ta sauka. "Jiya tun safe har azahar madara gwangwani ɗaya na sayar. Andrew ya daina fita, sai barci. Na yi azumi, na yi addu'a, na canza wa kanti fenti. Wannan ne kaɗai ban gwada ba. Na san kana yi mini kallon sakarya. Mama ta tafi, Baba. Ni ina nan."

Malam Jacob yana da amsa, mai kaifi ma, ta riga ta hau harshensa. Sai idonsa ya sauka a kan takalmanta da ta cire a bakin ƙofa. An ɗinke igiyar ɗaya da baƙin zare, an sake ɗinkewa da fari. Ya haɗiye amsar. Bai yarda da matar waya ba, ba zai kuma yarda ba ko da za ta zo da kanta. Amma takardun ba su taɓa yi masa komai ba sai tuna masa cewa ya biya. Abin da ba zai bayar ba shi ne ƙullin. A duk gidan nan, shi ne abu na ƙarshe da yake nan daidai yadda hannun Laraba ya bar shi. An wanke tukwanenta, an raba kayan sawarta, har ƙamshinta ya bar matashin kai.

Ya sauko ƙasa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙorafi.

"Miƙo nan."

Ya lanƙwasa ɗaurin a tsaye kamar mai naɗe tabarma, ya tura da babban yatsa. Takardun suka zame suka fita ta gefe, zanen ya rage a hannunsa kamar awarwaro, ƙullin yana nan bai motsa ba.

"Ga arzikinki," ya ce, ya tura mata takardun. "Wannan nawa ne."

Haka suka yi ta yi har rana ta take. Shi yana zarewa, ita tana warewa. Rasit ɗin keken da aka sace tun Deborah tana goye. Takardar harajin da ba a karɓa yanzu. Takardun kuɗin wuta tuli guda, waɗanda Malam Jacob ya ce su ne shaida mafi tsawo a kan duhu da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan. Kaɗan ne suka samu shiga fayil. Sauran ta tara su a tsohon kwano don wuta.

Abin da ya ba shi haushi shi ne, yanzu da babu mai tambayarsa, ya san kowane zani. Koren nan mai zanen kifi, shekararsu ta farko ce a Bangi, a gidan malamai mai yoyo, inda Laraba take jera kwanoni a kan gado idan hadari ya taso, ta ce ai kiɗa ne kyauta. Jan nan mai ɗigo-ɗigo, da shi ta je kasuwar Bobi sayen man shanu ta dawo da ɗan akuya, ta ce kallonta ya yi ta yi. Ashe Malam Jacob ya gani. Duk ya gani, sai dai bai san ya ajiye ba.

"Wannan na san shi," in ji Deborah, ta ɗaga wani mai ruwan ƙasa. "Da shi ta zo makarantarmu ta kama kunnen malamin lissafi."

"Ba kunne ta kama ba. Riga ce. Ni na je na ba da haƙuri, abokin aikina ne."

"Me ya yi mini ma?"

"Ce miki ya yi 'yar ƙauye. Ita kuma ta je ta nuna masa ƙauyen."

A karon farko Deborah ta yi dariya, har ta share ido da bayan hannu. Ta daina sauri. Takan riƙe zanen ta juya shi kafin ta miƙa masa. Awarwaron yadi suka taru a gefensa, ya jera su bisa shekarunsu ba tare da ya yi niyya ba.

Ɗauri na ƙarshe yana can a kusurwar akwatin, ya fi sauran kauri. Zanen ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci ne. A shekarar nan Laraba ba ta ɗaura wani zani na kirki ba sai shi, don matan coci ne suke zuwa ɗaukarta idan jiki ya ɗan yi sauƙi. Malam Jacob ya tuna ranar da ta ɗaure shi. Ta rame har zobenta yana faɗuwa. Ya ce ta kawo ya taya ta, ta ce ya je ya yi karatunsa. Ya kuwa je.

Ya buɗe baki zai ce wa Deborah ta bar wannan, amma ta riga ta ɗauko shi ta wurin ƙullin, yadda ta ɗauko duk sauran. Ƙullin ya sulale ba gardama. Katunan asibiti da takardun gwaji da na magani suka zube a cinyarta, suka bazu a kan tabarma. Zanen ya rage a yatsunta, miƙe.

"Ban ja ba, Baba. Wallahi ban ja ba."

"Na gani."

"Ɗagawa kawai na yi."

"Na ce na gani. Ba ta da ƙarfi lokacin."

Ya karɓi zanen. Inda ƙullin ya zauna duk shekarun nan ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, kamar hanya a taswira. Ya bi lanƙwasar, ya zagaya, ya cusa, ya ja. Ya warware. Ya sake, ya ɗauko koren mai kifi ya ajiye a gabansa yana kwaikwayo. Abin da ya fito ƙullin igiyar takalmi ne, irin wanda yake koya wa yaran aji ɗaya. Sau nawa ta yi wannan ɗaurin a gabansa, a ɗakin nan, yana zaune a kujerar can.

"Ba haka take yi ba," in ji Deborah a hankali.

"Ke kin iya?"

Ta girgiza kai. "Ta so ta koya mini. Na ce ni ba noma zan yi ba."

Kwanon takardun ƙonawa yana jira a bakin ƙofa, iska tana ɗaga na sama.

"Inna Fure ta iya," in ji Deborah. "Tare suka tashi a gona ɗaya."

Fure ƙanwar Laraba ce, kuma rabonsa da ita tun ranar jana'iza a Tungan Magajiya, inda ta ce a gaban dangi an binne mai magana an bar masu mai karatu. Bai sake taka garin ba. Ta aiko da gaisuwa, ta aiko da sabuwar dawa, ya ci dawar bai mayar da gaisuwar ba. Ya gaya wa kansa rashin kunyarta ce ta hana shi. Da zagin ƙarya ne, da ya daɗe da mantawa.

"Tattara na asibitin nan ki sa a fayil ɗinki," ya ce. "Sauran ki kai bayan gida ki ƙone, nesa da bishiyar lemo. In baƙon naki ya zo, ki ce masa ya wuce kanti kai tsaye, ni ba na bukatar ziyara."

Ta kwashe kwanon ta fita. Jim kaɗan hayaƙi ya fara shigowa ta taga. Malam Jacob ya kwance ƙullin takalmin da ya yi, ya shimfiɗa zanen a gwiwarsa, ya ninke shi a hankali don kada lanƙwasar ta ɓace, ya sa a aljihun rigarsa.

Da Deborah ta dawo tana goge toka a hannu, ta same shi tsaye yana neman hularsa.

"An fara yankan dawa kuwa?" ya tambaya.

"Sai wata mai zuwa, ina ji."

"Hanyar Rijau ɗin fa, mai zuwa Tungan Magajiya?"

Ta dube shi, ta dubi aljihun. "Tana nan yadda ka bar ta."

"To," in ji Malam Jacob. "Aƙalla ba zan ɓata ba."