Shaidar Adamu a Kan Usta Tiya

Da yaƙi ya lafa a Umdurman, hukuma ta shiga bi unguwa-unguwa tana tone mutanen da aka binne a filaye da tsakar gidaje, ana mai da su maƙabarta. A hankali layi ya zo kan filin ƙwallon da ke bayan masallacin Hausawa a Umbadda, inda Usta Tiya yake kwance. Tun da Adamu ya ji labarin, abinci ya daina wuce masa.

Usta Tiya mutumin duwatsun Nuba ne, bakanike mai gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum; Usta kuwa laƙabi ne na ƙwararren mai sana'a. A hannunsa Adamu ya koyi kwance inji, a hannunsa kuma ya zama Kirista, aka yi masa baftisma da gemunsa da komai. Dangin Adamu jikokin alhazan Najeriya ne da suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Sun yi fushinsu, wasu suka daina haɗa kwano da shi. Kawunsa Malam Badaru, limamin masallacin, bai daina amsa masa gaisuwa ba, sai dai a taƙaice, yana kallon wani wuri.

Sabon tuba ya fi malaminsa zafi. Wata rana Adamu ya tsuguna kusa da motar da Usta yake ƙarƙashinta ya ce, "Usta, wanda ya riga ya tuba, in ya sake yin zunubi da gangan, yana sane, akwai sauran gafara a gare shi?"

Daga ƙarƙashin mota Usta ya ce, "Ruwan baftisma ba ya cire wa mutum harshe, ya Adamu. Za ka yi, ni ma ina yi. In ka yi, ka dawo ka faɗa da bakinka, Ubangiji ba ya rufe ƙofa. Kada dai ka mai da shi abokin wasanka. Miƙo mini sifana."

Adamu ya miƙa, yana cewa a ransa wannan magana ta masu rauni ce, shi kam ya gama da zunubin gangan. Allah sarki.

Da harbi ya yi yawa, Usta ya sa matarsa Mawahib da yaransu a mota zuwa garin Kosti da ke kudu, shi ya tsaya gadin gida, Adamu ya tare a wurinsa. Suka yi wata da watanni a kan busasshen burodi da wake. Wata safiya Usta ya fita ɗiban ruwa, bam ya faɗi a layin, ɓarɓashin ƙarfe ya same shi a ciki. Adamu ya jawo shi gida. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Maƙabartar Kirista tana can nesa, hanya cike da masu bindiga. Zafi kuwa ba ya jiran kowa, karnukan unguwa sun riga sun koyi abin da bai kamata kare ya koya ba. Adamu shi kaɗai ne, ko shebur babu a gidan. Mutanen da ke da shebur da ƙarfin haƙa su ne na masallaci.

Kada wani ya ce firgita ce ta kwashe masa baki. Zama ya yi kusa da gawar ya tsara maganarsa tsaf, ya gyara inda ba ta zauna ba. Har durƙusawa ya yi ya roƙi gafarar abin da bai riga ya aikata ba, kamar mai shan magani kafin ciwo. Ya ce wa kansa domin Usta zai yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce: ya gaji da zama bare a cikin danginsa, yana so ko sau ɗaya ya shiga masallacin nan da labarin da zai sa a kalle shi a ido.

Ya sami Malam Badaru ya ce, "Kawu, Usta ya rasu. Kafin ya cika ya yi kalmar shahada, da kunnena na ji."

Tsohon ya ce, "Ka tabbata, ɗan nan?"

Adamu ya rantse da Allah.

Nan da nan aka fito. Aka wanke Usta Tiya, aka yi masa likkafani da labule, aka sallace shi, aka sa shi a filin ƙwallo yana fuskantar alƙibla. Malam Badaru ya dafa kafaɗar Adamu da hawaye a idonsa. Adamu ya ji daɗin hannun nan, kuma jin daɗin ya fi komai ci masa rai daga baya.

Ya ɗauka maganar za ta tsaya a Umbadda. Ina! Magana zarar bunu ce. Wata maƙwabciya da ta gudu Kosti ta nemi Mawahib har inda take, ta rungume ta, ta yi mata albishir da zuciya ɗaya cewa mijinta ya cika da imani. Adamu ya ji an kai labarin. Yana da lambar Mawahib, wani lokacin har waya takan samu. Kullum sai ya ce gobe.

Ranar tonon, Mawahib ta iso daga Kosti da farin tobi, lulluɓin matan Sudan, ta rame har Adamu bai gane ta ba sai da ta yi magana. Ma'aikata masu safar hannu da takunkumi suka ɗago abin da ya rage na Usta, suka sa a jaka. Motoci biyu ne a tsaye, kowace da maƙabartar da za ta nufa. Shugabansu ya tambaya, "Wannan Musulmi ne ko Kirista?"

Malam Badaru ya buɗe baki zai amsa, Mawahib ta riga shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni na san wanda na aura, ban san wanda ya mutu ba. Ku tambayi wanda yake wurin."

Ido ya dawo kan Adamu. Da ya gyaɗa kai kawai, da an wuce wurin, ba mai sake tono zancen har abada. Ya ce, "Kirista ne. Bai yi shahada ba. Ƙarya na yi, ina sane."

Malam Badaru ya matso yana dogara sanda. "Kai Adamu! Da ka ce mana Kirista ne, ka ga za mu bar shi ga karnuka? Maƙwabcinmu ne, ya zol, kai bawan Allah. Wa yake gyara mana janaretan masallaci? Da mun haƙa masa, mun sa shi yadda mutanensa suke sa nasu, khalas, shi ke nan. Ka sa mun yi wa mutum sallar da bai nema ba. Ka cuce mu, ka cuce shi." Ya juya ya tafi, mutanensa suka bi shi.

Sai a lokacin Adamu ya gane ƙaryar ba ta ma saya wa Usta komai ba. Wannan ya fi zagin zafi.

Aka ɗora jakar a motar Kirista. Mawahib ta zauna a kan wasu ɓaraguzan katanga, shi ya tsuguna nesa kaɗan da ita, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Ka san na daina zuwa kanisa, cocinmu, a Kosti? Kunya. Mutumin da yake koya wa yaran mutane addu'a, a ce ya sake ta a ƙarshe. Samwil, babban ɗansa, ya ce in dai babansa ma bai yarda da abin da ya koya musu ba, shi me zai yi da shi. Ya bar gida, ya bi masu yaƙi. Har yau ban san inda yake ba." Ta share ido da gefen tobi. "Ni kuwa na yi ta jin haushin matacce. In na tashi yi masa addu'a sai bakina ya ƙi."

"Ummu Samwil," in ji Adamu, "ba ni da abin cewa. Na roƙi Ubangiji, ban sani ba ko ya ji. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ubangiji ya ji, wannan ba na shakka. Ni ma na yafe maka. Ba don ya yi mini sauƙi ba, haka aka ce mu yi, kuma da shi ne da ya yafe." Ta ɗago ta dube shi, karon farko tun zuwanta. "To faɗa mini. Me ya ce a ƙarshe?"

Wannan kam Adamu yana da shi, ya daɗe yana riƙe mata. Ya ce, "Ruwa ya fara nema. Sannan ya ɗauko waƙar nan ta yarenku da yake yi in yana wanke hannu a gareji, bai kai ƙarshenta ba. Ya kira sunan Yesu. Daga nan ya ce in gaya miki kada ki dawo sai hanya ta yi kyau, kuma ki daina ba Samwil shayi da yawa. Sunanki ne na ƙarshe a bakinsa."

Fuskarta ta fara saki, kamar mai ƙishi da ta hango randa. Sai kuma abin ya tsaya.

"Ya yi kama da shi," ta ce a hankali. "Ka iya muryarsa sosai."

"Wallahi, Ummu Samwil, haka ya ce. Na rantse da..."

"Wancan karon ma ka rantse."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da kuka ne. Direba ya danna oda. Ta miƙe ta gyara tobinta, ta ce, "Ina so in yarda, ya Adamu. Ka san yadda nake so kuwa?"

Ta shiga gaban motar, aka ja.