Takardar Maido da Kafinta

A ikilisiyarmu, in mutum ya yi laifi aka sa shi a horo, bencin baya yake zama, can kusa da ƙofa inda ake jingine tsintsiya. Ba ya cin Jibin Ubangiji. Ko dattawa sun yafe masa, horo bai ƙare ba sai magatakarda ya karanta takardar maido shi a gaban jama'a. Magatakardan nan ni ne, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Wata Lahadi kafintan unguwarmu ya zo sujada a buge. Da na tare shi a ƙofa, sai ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kauce, Bafarisiye, munafuki!" Mata suka yi ta ƙunshe dariya. Wata shida aka yanka masa. Gaskiya bawan Allah ya yi horonsa yadda ya kamata. Ya bar sha, bai fasa Lahadi ko ɗaya ba, har ƙafar bencin da yake zama shi ya gyara.

Wa'adinsa ya cika daidai lokacin da aka yi wa Fasto canjin wurin aiki. Yana cikin ɗaure kaya ya sa hannu a takardar ya miƙo mini, na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki. Lahadin farko baƙon mai wa'azi ya ja mu har ƙarfe ɗaya, na ce sai mako mai zuwa. Ta biyu kuwa ba ni da hujja. Na tashi da takardar a hannu, na hango shi can baya cikin farar riga ta sha guga, yana mini murmushi. Sai kalmar nan da ya jefe ni da ita ta faɗo mini a rai. Na ce, kai dai ƙara sati ɗaya, ka ji yadda ake ji. Na karanta sanarwar zumuntar mata na zauna.

Ranar Alhamis kafintan ya faɗo daga rufin gidan da yake buga wa kwano. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Ƙa'idarmu ita ce, wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa ɗakin sujada. Dattawa suka tambaye ni ko takarda ta fito. Na buɗe baki na ce Fasto bai ba ni ba. A bakin ƙofa aka ajiye akwatin, cikin rana, aka yi addu'ar da ba ta kai minti goma ba.

Tun daga nan ban ƙara samun sukuni ba. In ina raba ƙananan kofunan Jibi, da na kai layin ƙarshe sai ƙafata ta ƙi tafiya. Babu kowa a bencin, amma ƙamshin sabon katako nake ji, kamar yanzu mutum ya tashi. Sau biyu ina miƙa faranti ga wurin da ba kowa. Littafina kuma, duk inda na nufa, wurin takardar yake buɗewa. Matata ta ce, "Kai wai lafiya kake? Addu'ar abinci ma sai ka tsaya a tsakiya." Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba na kafinta ba.

Bayan wata takwas na je wurin matarsa da rana tsaka. Na same ta a shagonsa tana shafa wa zarto mai don kada ya yi tsatsa. Na miƙa mata takardar. Ta daɗe tana kallon kwanan watan.

"Ashe tun yana raye ta fito, Baba?"

"Tun yana raye."

"Kowace Asabar da kansa yake goge rigar nan. Ya ce gobe Magatakarda zai kira sunana."

Na durƙusa cikin garin katako, da furfurata, na ce ta yafe mini.

"Tashi, Baba, kada maƙwabta su gani. Ba ni aka rubuta wa ba. Ka karanta ta ranar Lahadi, har da kwanan watan."

"Za su cire ni, Mama."

"To, su cire ka mana."

Na karanta. Na faɗi kwanan watan, na faɗi ƙaryar da na yi wa dattawa. Sabon Fasto ya karɓi takardar daga hannuna, ya ce dattawa su tsaya bayan sujada.

Da aka tashi na tsaya a ƙofa ina jiran ta. Ina so ta ce mini an gama. Ta zo tana gyara ɗankwali, ta gaishe ni da ladabi kamar kullum.

"Kin ji, Mama?" na ce.

"Ni na ji, Baba," ta ce. "Shi ne bai ji ba."