Tafin da Na Yi

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, amma wallahi kunya ta fi shi zafi. Jiya ƙawayena suka zo, suka tarar da Gwaggo Kandala, wadda ta goye ni tun rasuwar mahaifiyata, tana warin daddawar da take sayarwa. Suka toshe hanci suka tambaya wace ce. Na ce mai aiki ce, tana ji. Aka kwashe da dariya, har na miƙa hannu muka tafa. Yau da la'asar za ta koma ƙauye, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa in roƙi gafara.

Ina wannan juyi barci ya sace ni. Sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin gado, kafin in ankara ɗakin ya zama teku. Turmin gidanmu ya wuce ni yana iyo, ya ce in bi shi, an daɗe ana jirana.

Ya kai ni wani fili na farin yashi, cike da wasu halittu masu ɓawo biyu kamar an kifa faifai a kan faifai. A bakin kowacce idanu ne shuɗɗa birjik, duk ni suke kallo. In ɗaya ta buɗe ta haɗiyi ruwa, sai ta rufe ɓam, ruwan ya feso ta baya, ita kuma ta yi tsalle gaba. Haka suke ta wucewa, kaf, kaf, kaf.

Can nesa na hango Gwaggo da ƙullin kayanta a ka, tana tafiya a ƙasan ruwa. Na tambayi wata tsohuwa a cikin halittun yadda zan cim mata.

Ta ce, "Mu da tafi muke tafiya. Ke da kika tafa, wa ya tafi?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na gwada tafawa, sai na ga baya nake komawa. Tsohuwar ta ce aikin banza nake yi, sai an buɗe baki tukuna. Na buɗe. Ruwan gishiri ya cika shi, sunan Gwaggo ya maƙale mini a wuya.

Firgigit na farka, ana kiran sallar la'asar. Gwaggo ce durƙushe a bakin ƙofa, ta tuɓe takalma. Matar da ba ta taɓa kirana da wani suna ba in ba Ladidi ba, ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Hajiya, a sallame ni, zan tafi."